BABI NA BIYU: TARIHIN CUƊANYA DA HAƊIN GWIWAR ƊALIBAI A TSARIN KARATU TA INTANET

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan bincike da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen gudanar da shi. A wannan babi kuwa za a koma ga tarihi ne, domin Hausawa kan ce waiwaye adon tafiya. Za a bi diddigin yadda masu tsara karatu daga nesa suka yi ta fama da matsala guda tun daga zamanin karatu ta wasiƙa har zuwa zamanin intanet, wato matsalar kaɗaicin ɗalibi. Abin da ake nufi da cuɗanya a wannan aiki shi ne musayar magana da ra'ayi tsakanin ɗalibi da malaminsa, ko tsakaninsa da 'yan uwansa ɗalibai. Haɗin gwiwa kuwa ya ɗara haka, domin shi ne ɗalibai biyu ko fiye su taru a kan aiki guda wanda ba zai kammalu ba sai kowa ya kawo nasa kason.

Mafi yawan abubuwan da za a kawo sun faru ne a ƙasashen Amurka da Kanada da Birtaniya, saboda a can ne aka fara haɗa kwamfutoci domin koyarwa. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, samar da na'ura da buɗe zauren tattaunawa bai taɓa wadatarwa ba wajen sa ɗalibai su yi magana da juna. Duk inda aka sami cuɗanya mai amfani, za a tarar tun farko an gina ta a cikin tsarin kwas ɗin. Wannan batu yana da nauyi, domin ɗalibin da ya ji shi kaɗai ne a fagen karatu yakan watsar da karatun bayan ya riga ya kashe kuɗinsa da lokacinsa.

2.1 Kaɗaicin Ɗalibi a Zamanin Wasiƙa da Rediyo

Karatu daga nesa ya girmi kwamfuta da fiye da shekara ɗari. A shekarar 1840, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta mayar da kuɗin aika wasiƙa kwabo ɗaya, Isaac Pitman ya fara koyar da rubutun gaggawa irin na sakatarori ta gidan waya. Ɗalibi yakan yi aikin da aka ba shi ya aika, malamin ya gyara ya mayar masa. A 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga waɗanda ba su zauna a ajinta ba, wanda hakan ya ba mutane da dama a ƙasashen da Ingila ta mallaka, har da Nijeriya, damar neman digiri daga gida ta hannun kwalejojin wasiƙa irin su Wolsey Hall da ke Oxford. A Amurka kuma Anna Eliot Ticknor ta kafa wata ƙungiya a birnin Boston a 1873, wadda ta koyar da mata fiye da 7,000 ta wasiƙa kafin a rufe ta a 1897.

A duk waɗannan tsare-tsare hulɗar tana tsakanin ɗalibi da malami ne kawai, ita ma ɗin sai an jira kwanaki ko makonni kafin amsa ta iso. Ɗalibi bai san sauran masu yin kwas ɗin ba, balle ya tambaye su abin da ya shige masa duhu. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Börje Holmberg, ya ba da shawarar a riƙa rubuta littattafan darasi tamkar malami yana hira da ɗalibinsa domin rage wannan kaɗaici. Shawarar ta gyara salon rubutun darasi, sai dai ba ta haɗa ɗalibi da ɗan uwansa ba.

Masu koyarwa ta rediyo sun tsara tattaunawar rukuni da gangan. A Kanada an fara shirin zauren manoma na rediyo a 1941, ya kuma ci gaba har 1965. Akan aika wa manoma takardar bayani kafin ranar shirin, sai maƙwabta su taru a gidan ɗayansu daren Litinin su saurara, su tattauna tambayoyin da aka tsara, sannan sakataren rukunin ya aika da ra'ayinsu domin a karanta taƙaitawarsa a rediyo. An gwada irin wannan tsari a Indiya a 1956 da kuma Gana a 1964, kuma a Jamhuriyar Nijar an kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo a 1962. Abin lura a nan shi ne, rediyo da kanta hanya ɗaya take bi, daga mai magana zuwa mai saurare. Takardar tambayoyi da taron maƙwabta da rahoton sakatare su ne suka mayar da saurare ya zama tattaunawa.

Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wato jami'ar karatu daga gida da aka kafa a 1969, ta ɗauki wannan darasi. Lokacin da ta fara koyar da ɗalibai kimanin 25,000 a 1971, ta haɗa littattafai da shirye-shiryen rediyo da talabijin da cibiyoyin karatu inda ɗalibai ke ganawa da malamin jagora, da kuma zaman mako guda a harabar wata jami'a lokacin bazara. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ita ma ta bi hanyar haɗa littattafan darasi da zaman ganawa a cibiyoyin karatu. Ke nan kafin zuwan kwamfuta, maganin kaɗaici shi ne a tara ɗalibai wuri guda lokaci-lokaci.

2.2 Tsarin PLATO da Hirar da Ba a Shirya Mata Ba

A shekarar 1960 Donald Bitzer ya ƙirƙiro tsarin koyarwa ta kwamfuta mai suna PLATO a Jami'ar Illinois ta Amurka. Manufar tsarin ita ce ɗalibi ya zauna gaban allon na'ura, ta ba shi bayani, ta yi masa tambaya, ta duba amsarsa. Wato an gina shi ne domin hulɗar mutum da na'ura. Daga 1972, da aka fito da zubi na huɗu na tsarin, an riƙa jona ɗaruruwan alluna daga wurare daban-daban da babbar kwamfuta guda.

A 1973 aka nemi wani matashin ɗalibi mai suna David Woolley ya rubuta manhajar da masu amfani da tsarin za su riƙa kai rahoton matsalolin na'ura. Manhajar da ya rubuta, mai suna Notes, ta ba da damar mutum ya ajiye saƙo, wasu kuma su jera amsoshinsu a ƙarƙashinsa. A shekarar dai Doug Brown ya rubuta Talkomatic, inda mutum biyar za su iya hira a lokaci guda, kowane harafi yana bayyana a allon sauran da zarar an buga shi. A 1976 aka faɗaɗa Notes ta yadda za a iya buɗe zaure a kan kowane batu. Bisa ƙididdigar da Woolley ya bayar daga baya, tsakanin 1978 da 1985 kusan kashi ɗaya cikin uku na sa'o'in da aka yi a kan tsarin PLATO na jami'ar an yi su ne a cikin Notes.

Wannan ya nuna cewa ɗalibai suna da ƙishirwar magana da juna, kuma da zarar sun sami kafa za su bi ta. Amma zauruka da yawa sun shafi fina-finai ne da siyasa da addini da wasanni, alhali darussan da kansu sun ci gaba da zama tsakanin ɗalibi da na'ura. Ma'ana, cuɗanyar ta tsiro ne a gefen darasi. Aikin shigar da ita cikin darasin shi ne ya jira waɗanda suka biyo baya.

2.3 Tarukan Kwamfuta da Ajin Farko na Nesa

Murray Turoff ya gina tsarin tattaunawa ta kwamfuta a 1971 domin jami'an gwamnatin Amurka, lokacin da Shugaba Nixon ya dakatar da ƙarin farashi da albashi. Daga nan ya koma Cibiyar Fasaha ta New Jersey, inda aka ƙaddamar da tsarin EIES a 1976. Mutum yakan haɗa na'urarsa da layin tarho ya shiga taron a lokacin da ya sami sarari, ya karanta abin da aka rubuta, ya ƙara nasa. Ba sai mahalarta sun haɗu a sa'a guda ba, kuma duk abin da aka faɗa yana nan a rubuce.

A watan Janairun 1982 wata cibiyar nazarin halayyar ɗan Adam da ake kira WBSI, a garin La Jolla na jihar Kalifoniya, ta yi amfani da EIES wajen buɗe makarantar horar da manyan shugabannin kamfanoni da ma'aikatu. Ana lissafa ta cikin shirye-shiryen farko na karatu ta hanyar sadarwar kwamfuta. Andrew Feenberg, wanda yana cikin waɗanda suka tsara shirin, ya ba da labarin yadda aka fara da tuntuɓe. Wani malami ya riƙa zuba dogayen laccoci a rubuce, sai mahalarta suka yi tsit. Wani kuma ya ja baya ya bar musu fili su yi magana yadda suka ga dama, su kuma ba su san abin da ake so daga gare su ba, nan ma sai shiru. A hankali malaman suka gano cewa dole jagora ya buɗe taro da gajeren bayani da tambaya takamaimiya, ya amsa wa waɗanda suka fara magana domin su san an ji su, sannan lokaci-lokaci ya tattaro ra'ayoyin da suka warwatsu ya ɗinke su wuri guda. Wannan aiki na ƙarshe shi ne Feenberg ya kamanta da saƙa. Dalilin buƙatarsa a fili yake, domin a aji na ido-da-ido malami yana ganin fuska da gyaɗa kai, amma a taron kwamfuta shiru ba ya nuna ko an yarda ne, ko an rikice, ko kuwa babu kowa.

A tsakiyar shekarun 1980 Starr Roxanne Hiltz ta jagoranci gwajin ajin kwamfuta a Cibiyar Fasaha ta New Jersey, inda aka kwatanta ɗaliban da suka yi kwas ta kwamfuta da waɗanda suka yi shi a aji. Ɗaya daga cikin dabarun da aka gina a manhajar ita ce, idan malami ya yi tambaya, ɗalibi ba zai ga amsar kowa ba sai ya rubuta tasa. Wannan ya hana masu saurin baki mamaye fili, ya kuma hana kwaikwayon amsar wanda ya riga. Sakamakon binciken ya nuna cewa ɗaliban da suka ji sun yi karatu tare da 'yan uwansu su ne suka fi yaba wa tsarin, yayin da marasa himmar shiga a kai a kai sukan bari aiki ya taru musu.

A Kanada kuma Linda Harasim ta koyar da kwas na ɗaliban babban digiri gaba ɗayansa ta kwamfuta a 1986, a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Ontario da ke Toronto. Ta raba ɗalibai bibbiyu da kuma ƙananan rukunai, ta ɗora musu jagorancin taron ƙara wa juna sani da muhawara da rubuta rahoto tare. A irin wannan tsari mafi yawan saƙonni daga ɗalibai suke fitowa, saɓanin aji na al'ada inda malami ke cinye mafi yawan lokacin magana.

2.4 Gwajin Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya

Gwaje-gwajen da aka ambata a sama duk na ƙananan azuzuwa ne. Gwaji babba na farko shi ne wanda Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta yi a 1988 a kwas mai lamba DT200, wanda ya shafi fasahar sadarwa da al'umma. Ɗalibai fiye da 1,300 ne suka yi amfani da manhajar tattaunawa mai suna CoSy, wadda aka rubuta a Jami'ar Guelph ta Kanada, ta hanyar modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho.

Robin Mason, wadda ta nazarci gwajin, ta tarar cewa shigar ɗalibai ba ta zo daidai ba. Wasu sun riƙa rubutu sosai, wasu suna karantawa kawai ba sa cewa uffan, wasu kuma da ƙyar suke leƙawa. Dalilan sun haɗa da kuɗin tarho da ɗalibi ke biya daga aljihunsa, da wahalar sarrafa manhajar, da kuma cewa tattaunawar ƙaramin yanki ce da aka ɗora a kan kwas ɗin da aka riga aka cika da littattafai. Ɗalibin da ke aiki da rana yana karatu da dare zai fara da abin da za a ba shi maki a kai. A 1989 Mason da Anthony Kaye suka tattara darussan wannan zamani a littafin Mindweave, wanda ya zama madogara ga masu nazarin fannin.

Jami'ar ta koma amfani da manhajar FirstClass a shekarun 1990. A 1999 ta gwada kwas mai lamba T171 da ɗalibai kimanin 900, a shekarar 2000 kuwa adadin ya kai kimanin 12,000. An gudanar da kwas ɗin ta intanet, an kuma sanya kowane ɗalibi cikin ƙaramin rukuni ƙarƙashin malamin jagora, aikin rukuni yana cikin abin da ake buƙata daga gare shi. Bambancin kwasa-kwasan biyu ya nuna sauyin tunani cikin shekara goma sha ɗaya: a na farko tattaunawa ƙari ce, a na biyu kuwa ita ce ajin.

Sai dai wannan sauyi ya zo da tasa matsalar. Mutane da yawa sun zaɓi karatu daga gida ne domin su yi shi a lokacin da ya dace da su, aikin rukuni kuwa yana ɗaure mutum da jadawalin wasu. Morten Paulsen na ƙasar Norwe ya yi magana a kan wannan tun farkon shekarun 1990, inda ya nemi a daidaita tsakanin 'yancin ɗalibi da amfanin jama'a. Haka kuma akwai ƙorafin da ba ya ƙarewa game da wanda ba ya taɓuka komai a rukuni amma ya sami maki daidai da sauran.

2.5 Ra'ayoyin Masana da Manhajojin Gudanar da Kwas

Waɗannan gwaje-gwaje ne suka haifar da ra'ayoyin da ake koyarwa a fannin. Moore (1989) ya kasa cuɗanya gida uku: tsakanin ɗalibi da abin karatu, tsakanin ɗalibi da malami, da tsakanin ɗalibi da ɗalibi. Ya nuna cewa kashi na uku sabon abu ne a karatu daga nesa, kuma zai zama ƙalubale ga masu tsarawa. Garrison da Anderson da Archer (2000), daga Jami'ar Alberta, sun ce ajin intanet yana tsayawa ne a kan ginshiƙai uku. Na farko shi ne zumunci, wato ɗalibi ya ji cewa mutane ne na gaske a bayan saƙonnin. Na biyu shi ne zurfafa tunani, daga tasowar tambaya har zuwa warware ta. Na uku shi ne aikin koyarwa, wanda ya ƙunshi tsara kwas da jagorantar tattaunawa da gyara kuskure. Salmon (2000) kuma, daga ƙwarewarta a sashen koyar da kasuwanci na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, ta jera matakai biyar: shiga tsarin da samun ƙwarin gwiwa, sabawa da juna, musayar bayani, gina ilimi tare, sannan tsayawa da ƙafa. Hikimar jerin ita ce ba a neman muhawara mai zurfi daga mutanen da ba su gaisa ba tukuna.

A daidai wannan lokaci ne manhajojin gudanar da kwas suka yaɗu. Murray Goldberg ya fara WebCT a Jami'ar British Columbia a 1995, aka kafa kamfanin Blackboard a 1997, sannan Martin Dougiamas na Ostiraliya ya fitar da Moodle kyauta a 2002, bisa ra'ayin cewa mutane suna gina ilimi ne tare. Daga nan buɗe zauren tattaunawa ya zama aikin 'yan mintuna ga kowane malami. Amma sauƙin ya sa aka sami zauruka da yawa da babu kowa a ciki, ko kuma waɗanda ɗalibai ke cika umarnin rubuta saƙo ɗaya da amsa wa mutum biyu domin maki kawai.

Bincike ya ƙarfafa wannan fahimta. Bernard da abokan aikinsa na Jami'ar Concordia da ke Montreal sun tattara sakamakon bincike 74 a 2009, suka tarar cewa ƙarfafa cuɗanya yana ƙara nasarar ɗalibai. A 2012 Borokhovski da abokan aikinsa suka sake duba ɓangaren cuɗanyar ɗalibi da ɗalibi, suka raba shi biyu: inda aka ba da kayan sadarwa kawai, da inda aka tsara aikin haɗin gwiwa da gangan. Kashi na biyu ne ya fi ba da sakamako. Duk da haka ya kamata a ambaci ra'ayin Anderson (2003), wanda ya ce karatu mai zurfi zai iya samuwa matuƙar ɗaya daga cikin nau'o'in cuɗanya uku ya yi ƙarfi sosai. Wato ba kowane darasi ne yake buƙatar aikin rukuni ba, kuma mai tsarawa ne zai auna inda ya dace.

2.6 Zamanin Darussan Dubban Jama'a

A 2008 George Siemens da Stephen Downes suka koyar da kwas mai lamba CCK08 a Jami'ar Manitoba ta Kanada. Ɗalibai 25 ne suka biya kuɗi, amma aka buɗe shi kyauta ga wasu kimanin 2,200. A kansa ne aka fara amfani da sunan MOOC, ma'ana buɗaɗɗen darasin intanet na ɗimbin jama'a. An gina shi kacokan a kan cuɗanya, domin mahalarta suna rubutu a shafukansu da zauruka daban-daban, ana tattaro abin da suka rubuta ana aika wa kowa kullum. Waɗanda suka saba da intanet sun amfana, wasu kuwa sun ɓace cikin yawan magana saboda ƙarancin jagora.

A 2011 Sebastian Thrun da Peter Norvig suka buɗe kwas na Jami'ar Stanford a kan basirar na'ura, mutum kimanin 160,000 suka yi rajista, kimanin 23,000 suka kammala. A 2012 aka ƙaddamar da Udacity da Coursera da edX. Tsarin waɗannan ya dogara ne a kan gajerun bidiyo da tambayoyin da na'ura ke dubawa, zauren tattaunawa kuma yana gefe. A wata fuskar wannan komawa ce ga manufar PLATO ta farko. Jordan (2014) ta tarar cewa a matsakaici kashi 6.5 cikin ɗari ne na masu rajista ke kammalawa. Gaskiya ne cewa da yawa sun yi rajista ne domin leƙawa kawai tun da kyauta ne, saboda haka ba za a ɗora laifin duka a kan rashin cuɗanya ba. Amma masu tsarawa sun ɗauki matsalar da muhimmanci. An shigo da tsarin da ɗalibai ke duba aikin juna bisa ma'aunin da malami ya bayar. Dandalin FutureLearn kuma, wanda Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta kafa ya fara darussa a 2013, ya sanya wurin tattaunawa a jikin kowane matakin darasi, domin ɗalibi ya yi magana a daidai inda yake karatu.

2.7 Darasin Shekarar 2020

Annobar korona ta 2020 ta rufe makarantu a kusan duk duniya, inda Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa abin ya shafi ɗalibai kimanin biliyan 1.6. Cikin makonni kaɗan malamai suka mayar da laccocinsu kan Zoom da makamantansa. Hodges da abokan aikinsa (2020) sun ja hankali cewa wannan koyarwar gaggawa ce daga nesa, kuma bai kamata a auna karatu ta intanet da ita ba, domin kwas mai kyau yana ɗaukar watanni ana tsara shi. Abin da malaman WBSI suka gani a 1982 ya sake maimaituwa, malami yana ta bayani, ɗalibai sun rufe kyamara sun yi shiru.

A Nijeriya an rufe makarantu a watan Maris na 2020, kuma rufewar ta haɗu da yajin aikin malaman jami'o'in gwamnati wanda ya kai har watan Disamba. Tsadar data da rashin tsayayyar wutar lantarki sun sa zaman bidiyo kai tsaye ya gagari ɗalibai da dama, sai aka koma ga darussan rediyo da talabijin da rukunonin WhatsApp. Wannan ya yi kama da matsalar kuɗin tarho ta ɗaliban DT200, kuma yana tunatar da cewa tattaunawar rubutu wadda kowa ke shiga a lokacin da ya sami dama, irin ta zamanin EIES, ita ce ta fi sauƙin kuɗi.

2.8 Naɗewa

A wannan babi an bi tarihin cuɗanyar ɗalibai tun daga wasiƙun Pitman na 1840 har zuwa annobar 2020. An ga cewa na'urori sun yi ta sauyawa, daga gidan waya zuwa rediyo, zuwa babbar kwamfuta, zuwa intanet da wayar hannu, amma sharuɗɗan samun haɗin gwiwa ba su sauya sosai ba. Daga abin da ya gabata za a iya fitar da guda biyar. Na ɗaya, a ba da aiki takamaimai wanda mutum ɗaya ba zai iya gamawa shi kaɗai ba, kamar yadda Harasim ta yi. Na biyu, a sami jagora mai buɗe magana da ɗinke ta, kamar yadda aka koya a WBSI. Na uku, a ba ɗalibai lokacin sabawa da juna kafin a nemi muhawara daga gare su. Na huɗu, a sanya cuɗanyar cikin abin da ake ba maki, tare da hanyar gane gudummawar kowa. Na biyar, a yi la'akari da kuɗi da lokacin da shiga tattaunawar zai ci wa ɗalibi.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to amma tarihin nan ya nuna cewa hannuwan ma ba sa taruwa sai an kira gayya an kuma nuna wa kowa inda zai kama. Waɗannan sharuɗɗa biyar su ne ma'aunin da za a yi amfani da shi a babi na uku wajen nazarin tsarin kwasa-kwasan da wannan bincike ya zaɓa.